Zongon Lome Tsakanin Fijo da Marsandi



Duk baƙon da ya sauka birnin Lome a yau ya ce a kai shi Zongo, mai babur ɗin da ya ɗauke shi ba zai nufi tsakiyar gari ba. Baya zai ba teku, ya kama babbar hanyar arewa, wato Nasiyonal ta ɗaya, ya ratsa Tokoin da Agoe, ya yi tafiyar kusan kilomita 15, sannan a fara hango hasumiyoyin masallatai, da masu tsire, da mata masu koko da ƙosai a bakin titi, kunne kuma ya fara jin Hausa da Zabarmanci da Kotokoli suna cuɗanya da Ewe da Faransanci. Wannan shi ne Zongon da 'ya'yanmu suka sani. Iyayenmu kuwa sun san wani kafin shi.

Tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka mai da Lome mazaunin mulkinsu a 1897, fatake daga ƙasar Hausa da sauran mutanen arewa suke da masauki a gefen garin. Sannu a hankali gari ya bunƙasa ya haɗiye gefen, har Zongo ya wayi gari a tsakiya, 'yar tafiyar ƙafa daga babbar kasuwar Asigame. A 1977 hukuma ta rushe unguwar, aka tura mutanenta arewa inda suke yanzu. Wanda ya bi titin Boulevard du 13 Janvier a yau, dogayen benayen bankuna zai gani a wajen, babu zaure ko ɗaya da ya rage wanda uba zai nuna wa ɗansa. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna da 'yan kasuwar Zongo a waɗancan shekaru, ya fitar da littafi a kansu a 1983, inda ya bayyana yadda maigida ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa lamuni, ko shanu ya kawo ko goro.

Wannan na masu karatun Faransanci ne. Mutanen da suka tashi a bakin wannan hanya suna da nasu ma'aunin na tuna zamani, shi ne mota. In dattijon Zongo ya ce maka abu kaza ya faru zamanin Fijo, to tsohuwar unguwa yake nufi. In ya ce lokacin Marsandi ne, an riga an dawo nan. Motocin biyu su ne Peugeot 404 da Mercedes 190. Shekara 22 ce tsakanin fitowarsu, tsawonsu kusan ɗaya, kowace ta doshi mita huɗu da rabi, kowace kuma da ƙafafun baya take tura kanta. Amma ƙofar da kowace ta shigo mana daban ce, aikin da ta yi a cikinmu ma daban.

An fito da 404 a Faransa a 1960, shekarar da Togo ta samu 'yancin kai ranar 27 ga Afrilu, Nijar da Nijeriya suka biyo baya a Agusta da Oktoba. Ita da tutocinmu sa'o'in juna ne ke nan. A masana'antar Sochaux aka ƙera ta, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana siffarta, mai kafaɗu a miƙe da 'yan fikafikai biyu a baya inda fitilu suke. Injinta na fetur lita 1.6 ne, giya huɗu, sandar giyar kuma a jikin sitiyari take, abin da ya bar gaba a buɗe har direba ya samu inda zai cusa mutum biyu a gefensa. Iri uku muka san ta: ƙaramar ta manyan ma'aikata da 'yan tasi, da doguwar mai layin kujeru uku da ake kira familiyal, da mai buɗaɗɗen baya da rufin tamfol, wadda mu nan muke ce wa bashe, mutanen Kano su ce a-kori-kura.

Familiyal ita ce ta Zongo. Maƙeranta sun auna ta da iyalin Bature guda mai zuwa hutu, amma a tasha ba ta tashi sai ɗan kamasho ya cika mutum tara, ban da yara a cinya, ban da huhun goro da buhunan gari da aka ɗaure a sama. Daga Lome a bi Tsevie, Notse, Atakpame, a sha iska a Sokode, garin Musulmi, a yi salla a ci abinci. Gaba kaɗan, kafin Bafilo, sai Aledjo, inda aka tsaga dutse hanya ta bi ta tsakiyarsa. Bayan Kara kuma ga hawan Defale. Wuraren nan biyu su ne jarrabawar direba da motarsa. In lagireto ya tafasa sai a tsaya, karen mota ya dira ya sa dutse a bayan taya, fasinjoji su sauko, mai tasbaha ya ci gaba da jan abarsa, a jira inji ya huce a ƙara masa ruwa. Daga nan sai Mango, wadda cikakken sunanta Sansane Mango, kuma babu Bahaushen da ba zai ji kalmar sansani a cikinsa ba. A nan ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke yada zango da jakunansu tun Bature bai zo ba. Sai Dapaong, sai Sinkase a bakin iyaka, fiye da kilomita 600 daga teku. Mai zuwa Yamai ya ci rabin tafiya ke nan, mai zuwa Maraɗi ko Kano kuwa da sauransa.

Mai karatu ya tuna cewa a lokacin babu wayar hannu, babu aika kuɗi ta waya. Direban 404 shi ne gidan waya, shi ne banki. Wasiƙar ajami a aljihun gabansa take, kuɗin da ɗa ya aika wa mahaifiyarsa a ƙulle cikin hankici yake, daga baya kuma aka shiga ba shi kaset ɗin da aka naɗi muryar mai saƙo. Shi ke kai labarin haihuwa, shi ke dawowa da labarin rasuwa. Saboda haka ba kowa ake yarda ya zama direba ba, kuma uba kan ba direba 'yarsa ba tare da dogon bincike ba, domin an riga an gwada amanarsa a hanya.

Akwai kuma wata gwaninta da direbobin wancan zamani suka iya, wadda ta ɓace yanzu. A Togo dama ake bi. A Gana kuwa, wadda iyakarta ta Aflao ke manne da Lome, hagu ake bi har 1974, a Nijeriya ma hagu har 1972. Mai zuwa Akra da ya ƙetare shingen sai ya sauya hannu, sitiyarinsa kuma yana inda yake. Da ƙasashen biyu suka koma dama, sai motar Faransa da ta Jamus suka samu hanya a buɗe daga Akra har Kano, kuma wannan ne ya share fagen cinikin da za mu zo kansa.

Abin da ya sa 404 ta daɗe shi ne babu abin da ta ɓoye wa makanike. In ka ɗaga bonet, komai a fili yake, hannu na isa ko'ina. Kafireta ce ke ba ta mai, kuma yaron gareji na shekara biyu zai iya kwance ta a kan tabarma ya hure ya mayar. Ramukan fistin ɗinta suna da riguna da ake zarewa a sa sababbi, inji ya koma ɗanye. Familiyal na zaune a kan sifirin huɗu a baya, shi ya sa take jure lodin da ya fi ƙarfinta. Duniya ma ta shaida, domin sau huɗu ta ci gasar tseren Safari ta gabashin Afirka, a 1963, 1966, 1967 da 1968, a kan hanyoyi irin namu. A 1975 Faransa ta daina ƙera ƙaramar, a shekarar kuma aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kayan gyara suka wadata. Kenya ta ci gaba da haɗa 404 har 1991. Jimillar da aka ƙera ta kusa miliyan 2.9. Ƙanwarta 504 ta gaje ta a tasha, ta kuma yi nata sunan.

Sai dai masu yabonta kan manta da wani abu. Birkinta bai kai nauyin da muke ɗora mata ba, fasinja ba shi da bel, ƙurar hunturu kuwa ta ko'ina take shiga, har mutum ya sauka kamar wanda aka tono. Gidaje da yawa a Zongo suna da wanda ya tafi a wannan hanya bai dawo ba. Allah ya jiƙansu da rahama.

Rushewar 1977 ta sauya matsayin mota a wurinmu. A tsohuwar unguwa ɗan kasuwa da ƙafa yake zuwa Asigame, ya dawo gida azahar ya ci tuwo ya koma. Mota ta tafiyar nesa ce. Tsofaffi na ba da labarin yadda bashe ta yi ta jigilar kwanon rufi da katako da tukwane zuwa sabon wuri, wanda a lokacin daji ne. Daga ranar, abin da ƙafa ke yi kyauta sai ya koma na kuɗi, safe da yamma. Wanda ba shi da abin hawa ya zama baƙo a kasuwar da ya girma a cikinta.

Ita Marsandi, a zamanin 404, daga nesa muke ganinta. Motar manyan mata ce masu sayar da atamfa 'yar Holan a Asigame, waɗanda saboda ita aka laƙaba musu suna Nana Benz, har akan ce gwamnati kan ari motocinsu in ta yi manyan baƙi. Attajirin Zongo ko yana da kuɗin, a shanu da goro da gidajen haya ya fi son ya ga dukiyarsa.

A Disamban 1982 kamfanin Mercedes ya fito da 190, ƙaramar mota irin wadda bai saba yi ba, a ƙarƙashin jagorancin mai zane Bruno Sacco. An ƙera ta a Sindelfingen da Bremen har 1993, kusan miliyan 1.9. Amma mu ba sabuwa ta zo mana ba. Sai da Bajamushe ya more ta shekara goma ko fiye, binciken lafiyar mota na ƙasarsa ya fara yi masa tsada, sannan ya sallama. Dalilai suka haɗu a nan gida. Tashar jirgin ruwan Lome, wadda aka buɗe a 1968, tana da zurfin da manyan jirage ke so. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci da ɗan kasuwa. Nijeriya kuma ta tsaurara haraji da sharuɗɗa a kan shigo da tsofaffin motoci ta tashoshinta. Sai jirage daga Antwerp ta Beljiyam suka shiga zube motoci a Kwatano da Lome. Kwatano ce ta fi cin kasuwar, shi ya sa a Kano ake ce wa irin motar Kwatano ko Beljiyam. A nan kuwa da Faransanci ake ce musu masu zuwa daga Faransa, ko da daga Jamus suka fito.

Wanda bai taɓa zuwa filayen motoci na bakin tashar ruwa ba, a gabashin gari, ya daure ya je ko don kallo. Motoci ne jere cikin yashi iya ganinka, rana na dukan gilasai, masu shigo da su da yawa 'yan Labanan ne, masu saye kuwa daga Nijar da Nijeriya da Burkina da Mali. A nan Zongo ya samu tsohon aikinsa cikin sabuwar riga. Alhaji ya taso daga Maraɗi ko Ƙonni ya sauka gidan maigidansa, da safe dillali ya kai shi fili, a yi ciniki, mai fitar da takardun kwastan ya yi nasa, a nemo direba. Takarda ta ce Nijar za a kai motar, kuma kowa ya san da yawa ba a Nijar suke kwana ba. Da yamma sai ka ga jerin motoci marasa lamba sun wuce ta gaban masallatanmu sun yi arewa, ta gefen filin manyan motoci na Terminal du Sahel. A da shanu ke gangarowa a sayar a bakin teku. Yanzu motoci ke haurawa daga bakin teku. Har duba su ma irin na shanu ake yi: a zagaya, a durƙusa a leƙa ciki, a shinshina baƙin mai, a sa yaro ya taka totur a kalli launin hayaƙi, kamar yadda ake buɗe bakin sa a ƙirga haƙora.

A wani gareji da ke bayan babban titi na tarar da su biyun a ƙarƙashin rumfa ɗaya, bashe mai launin toka da wata 190 baƙa. Mai garejin dattijo ne da ya koyi aiki a tsohuwar unguwa. Ya ce in rufe ƙofar kowace in saurara. Ta Fijo ta yi ƙarar kwano, sai da na maimaita kafin ta kama. Ta Marsandi ta rufe da tattausan sauti kamar murfin akwatin ƙarfe na amarya. Ya nuna mini sandar goge gilashi guda ɗaya tal da ke share gaban 190 duka. Sannan ya sa na durƙusa na ga ƙafar baya, inda hannuwa biyar ke riƙe da kowace taya. Su ne ke sa ta kwanta a kwana kamar an shimfiɗa ta, su ne kuma ke cin kuɗin mai ita, domin kowane hannu da robobinsa, kuma ramukan hanyarmu ba sa barin roba ta tsufa. Mai fetur da ake kira 190E da na'ura take fesa mai, na'urar da makanikan bakin hanya suka daɗe suna tsoro, har wasu kan cire ta su dasa kafireta. Mai gas, wato 190D, ba ta da sauri ko kaɗan, amma injinta kan binne bodinta. Kujerar baya matsattsiya ce, mai babbar riga sai ya tattare. Cikinta kuma kusa da ƙasa yake, alhali Zongo a kwarin kogin Zio yake. In damina ta kankama, lungun da bashe ke ratsawa tana tafe tana rangaji, 190 sai dai ta tsaya a bakin kwalta.

In an tambaye ni wadda ta fi ƙira, ba na jinkiri: 190 ce. Ta fi birki, ta fi kare wanda ke ciki in an yi karo, ta fi shiru, kuma uban da zai ɗauki iyalinsa zuwa Sokode ya fi samun kwanciyar hankali a cikinta. Amma in ana maganar wadda Zongo ya fi cin moriyarta a jikinsa, 404 ce. Mota guda ta yi wa unguwa guda aiki shekara ashirin. Ita 190 yawancinta wucewa ta yi, abin da ta bar mana la'ada ce.

A nan ne kuma maganar ta shafi addini. Tsohuwar 404 in za a sayar, duk unguwa ta san tarihinta: wanda ya fara sayenta, inda ta taɓa faɗuwa, wanda ya sauke injinta. Babu abin ɓoyewa ko da an so. Ita kuwa 190 daga wata duniya ta zo, ba wanda ya san mai ita. Gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ya ci ƙarƙashinta, an shafe da fenti. Agogon kilomita kuma hannu na iya mayar da shi baya. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san babin ciniki, ya san wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, mai saye kuma yana da damar mayarwa in ya gano abin da aka rufe masa. To, amma wa zai mayar da motar da ta riga ta kai Maraɗi, bayan kwana da kwanaki a hanya da shingayen kwastan na ƙasa uku? Abin da ya rage wa mai saye shi ne sunan maigidan da ya sauke shi. Akwai gidajen da suka riƙe wannan suna, har yau jikokin baƙinsu na sauka wurinsu. Akwai kuma waɗanda suka sayar da shi a kan la'adar mota biyu ko uku. Samari da yawa sun bar makarantar allo da ta boko a shekarun nan suka bi fili, domin kuɗin yini guda ya fi albashin malami. Kaɗan suka zama attajirai, saura kuwa da kasuwar ta ja baya sai suka tashi ba sana'a ba karatu.

Kasuwar ta ja baya kuwa. Tun yajin aikin gama-gari da ya fara a Nuwamban 1992 ya shafe kusan wata tara, babur ya shiga ɗaukar fasinja a Lome, bai kuma sake fita ba; shi ne ya rage wa mutumin Zongo nisan nan na kilomita 15. A Janairun 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A filayen bakin teku Toyota ta karɓe gaba, matasa kuma ba sa waiwayar 190. Hanyar ma ta sauya: an yi wa Aledjo da Defale hanyoyin zagaye, direban yau na iya kai wa Sinkase bai ga tsagin dutsen ba. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da iyakarta da Benin ta rufe, kayan Nijar suka karkato Lome, manyan motoci suka riƙa bi ta Kaya da Dori da Tera cikin ayari da rakiyar soja, abin da ya tuna wa tsofaffi labarin madugai da kakanninsu ke ba su.

Yaran garejin da na ambata su shida ne, kuma biyar daga cikinsu babur suke koyon gyarawa. Baƙar 190 ta wani malami ce, ana jiran robobin ƙafarta daga kasuwar kayan gyara. Ba ya fito da ita sai Juma'a da ranar ɗaurin aure. Bashe kuwa ta mai garejin ce da kansa. Zakin da ke gabanta ya ɓace tuntuni, ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta, batir ɗinta na aro ne. Duk shekara in Layya ta matso sai ya sa mata filogi sababbi, yara su tura ta har ta kama, ta yi mako guda tana kai raguna gidajen unguwa, shida shida a kowane sawu.